Tafiya a lokacin annoba: abin da ya kamata matafiyi ya sani

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka wayi gari da sanarwar Saudiyya cewa ta dakatar da shigar masu Umara. A lokacin ba a tabbatar da ko mutum ɗaya mai cutar korona a ƙasar ba, sai ranar 2 ga Maris aka samu na farko. Akwai waɗanda bizarsu ta riga ta fito, sun biya kuɗin jirgi da na masauki, sun zagaya dangi sun yi bankwana, wasu ma a filin jirgi labarin ya same su. A ranar 27 ga Fabrairun ce kuma aka tabbatar da shigowar cutar Najeriya, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Kafin wata guda ya cika an hana jiragen ƙasashen waje sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ranar 23 ga Maris Legas da Abuja suka bi sahu. Ba a sake buɗe waɗannan biyun ba sai 5 ga Satumba, Kano kuwa sai a 2021. Ɗan kasuwar da ya fita sarin kaya Dubai da guzurin kwana goma ya koma lissafin watanni a ɗakin haya, biza na ƙarewa, aljihu na ƙarewa, iyali a gida suna jiran kuɗin cefane.

Idan annoba ta fara bazuwa, tambayar da ke fara zuwa bakin mai shirin tafiya ita ce ko zai kamu. Tambaya ce mai nauyi, amma akwai guda biyu da ya kamata su riga ta, kuma su aka fi mantawa da su. In na tafi, zan samu hanyar dawowa? In kuma na dawo, wa zan tarar a gida, me zan iya kai masa? Matashi mai jini a jika yana iya kamuwa ya warke cikin mako biyu. Amma ba shi da ikon buɗe iyakar da gwamnati ta rufe, kuma ba zai iya ɗauke wa tsohuwarsa cutar da ya shafa mata ba.

Wace cuta ce, ta ina take shiga?

Ba duk annoba ce ke bin hanya ɗaya ba, don haka shirin da ya yi amfani a wata sai ya zama ɓata lokaci a wata. Korona da mura ta numfashi suke tafiya, sun fi ƙarfi a ɗakin da ya cika da jama'a babu iska, kuma mutum yana iya yaɗa su tun bai ji komai a jikinsa ba. Ebola da 'yar'uwarta Marburg sai an taɓa jini, ko amai, ko gudawa, ko gawar wanda suka kashe. Wanda bai fara nuna alama ba ba ya yaɗa Ebola, shi ya sa masu jinya da masu wankan gawa suka fi kowa shiga hatsari. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ne ke kawo shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci, daga nan ya kama masu kula da marar lafiya. Zazzaɓin shawara sauro ne ke ɗauke da shi. Ƙyandar biri ta haɗuwar fata da kayan shimfiɗa take bi. Cutar numfashi ta MERS da ta ɓulla a Saudiyya a 2012 tana da alaƙa da raƙuma, abin da ya sa ake gargaɗin alhazai su nisanci garken raƙuma da ɗanyen nononsu. Takunkumin fuska ba ya hana sauro cizo, gidan sauro kuma ba ya tare korona.

Abu na biyu da ya kamata a nema shi ne kwanakin da ƙwayar cutar ke yi a ɓoye kafin ta bayyana. Korona takan kai kwana 14, Ebola da Lassa kwana 21. Daga nan aka samo adadin kwanakin killacewa, ba zaɓen son rai aka yi ba. Wannan ne kuma ya sa na'urar auna zafin jiki da ake ɗora wa fasinja a goshi ba ta wanke kowa. Wanda ya kamu jiya, jikinsa a sanyaye yake yau, zai wuce lami lafiya. Wanda ya haɗiyi farasitamol kafin ya shiga layi shi ma zai wuce. Hatta gwajin korona da aka riƙa buƙata kafin hawa jirgi, wanda ƙasashe suka riƙa cewa kada ya wuce awa 48 ko 72, halin da jiki ke ciki a ranar da aka ɗauki samfurin kawai yake nunawa.

Najeriya ta ga abin da matafiyi ɗaya zai iya jawowa. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer, jami'in gwamnatin Laberiya, ya sauka a Legas kan hanyarsa ta zuwa wani taron ECOWAS a Kalaba, alhali jikinsa ya riga ya fara nuna ciwo. An kai shi wani asibiti mai zaman kansa, ya matsa a sallame shi, Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi. Ya mutu ranar 25 ga Yuli, ita ma cutar ta kashe ta a watan Agusta. Wani daga cikin waɗanda suka yi hulɗa da shi ya sulale daga Legas ya nufi Fatakwal, inda wani likita ya duba shi a ɓoye a ɗakin otal. Shi ya warke, likitan ya mutu bayan ya shafa wa wasu. Sai da jami'an lafiya suka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida kafin a tsayar da abin a kan mutum 20, takwas daga ciki suka rasu. Ranar 20 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. Duk rayukan da aka rasa, tafiyar mutum biyu ce sanadinsu, kuma dukansu biyun sun san akwai dalilin da ya kamata su zauna wuri ɗaya.

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan magana. Lokacin annobar Amwas, Halifa Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg labari ya same shi, ya yi shawara da sahabbai, Abdurrahman bin Auf ya sanar da shi umarnin Manzon Allah (SAW) na kada a shiga ƙasar da annoba ta sauka, wanda kuma ta same shi a ciki kada ya fita don gudun ta. Umar ya juya da jama'arsa. Rabin farko na wannan umarni kowa na riƙe da shi, domin kare kai ne. Rabi na biyun ne mai wuya, domin kare wasu ne, kuma shi muka fi karyawa. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohin Najeriya a 2020, mutane sun yi ta bi ta daji da babura, wasu sun ɓuya a cikin tirelolin kaya, kowa na cewa gida zai je ya huta da dokar kulle. Gwamnatoci ma ba su tsira ba: da gwamnonin arewa suka riƙa kwashe almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu a watannin Afrilu da Mayu, an gwada gommai daga cikin yaran a Kaduna da Jigawa aka same su da cutar. Ba laifin yaran ba ne, cusa su aka yi a mota ɗaya tsawon sa'o'i, mai ita da marar ita.

A tafi ko a fasa?

An ce zuwa da kai ya fi aike, amma a lokacin annoba akwai tafiye-tafiye da yawa da aike ya fi. Ta'aziyya ana iya yin ta ta waya, a je daga baya. Biki ana iya tura gudummawa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da na Sabon Gari da yawa sun koyi sayen kaya daga China ta hoto da bidiyo a hannun wakilai a shekarun da ƙasar ta rufe ƙofarta, wasu har yau ba su koma yawan zuwa da kansu ba. Tafiyar da ba ta ɗaguwa ita ce irin ta marar lafiyar da aka sa wa ranar tiyata a Masar ko Indiya, da ɗalibin da zai rasa gurbinsa, da direban da in bai hau hanya ba gidansa ba a ɗora tukunya. Waɗannan ba a ce musu su zauna ba, shiri suke buƙata.

Sannan a dubi wanda zai yi tafiyar. Korona ta fi kashe tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da masu raunin garkuwar jiki. Lassa kuma tana da muni ƙwarai ga mai juna biyu, musamman a watannin ƙarshe. A nan ne magana ke yin nauyi a gidajenmu, domin galibi wanda ya shekara yana tara kuɗin Makka shi ne dattijon da ya fi kowa rauni. Faɗa wa mahaifi cewa ya haƙura da bana ba ƙaramin abu ba ne, amma 'ya'yan da suka san yana shan maganin suga safe da yamma, hakkinsu ne su faɗa masa cikin ladabi, su kuma kai shi likita ya ji daga bakinsa. Ita kanta Saudiyya ta yi irin wannan hisabi. Bayan alhazai kusan miliyan biyu da rabi a 2019, Hajjin 2020 an yi shi da mutane ƙalilan mazauna ƙasar, na 2021 aka tsaya a 60,000, su ma na cikin gida. Da aka buɗe wa 'yan waje a 2022 an sa sharaɗin kada mahajjaci ya wuce shekara 65, Najeriya kuma ta samu kujeru kusan 43,000 maimakon 95,000 da ta saba. A 2014 ma ba a ba maniyyatan Gini da Laberiya da Saliyo biza ba saboda Ebola.

In an yanke shawarar tafiya, a yi shirin kamar za a daɗe fiye da yadda aka yi niyya. Kuɗin da zai riƙe mutum ƙarin mako uku ko huɗu, wani sashe a hannu, domin katin banki yakan ƙi aiki a waje a ranar da aka fi buƙatarsa. Mai shan magani kullum ya ɗauki na ƙarin wata guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, ya sa a jakar hannu. Ƙasashen Larabawa suna tsananta bincike kan irin su tiramadol da kodin, kada ƙoƙarin guzuri ya kai mutum kurkuku. A duba ranar ƙarewar biza da tarar da ake ci in an wuce ta. A rubuta lambar ofishin jakadancin ƙasarku a takarda, ba a waya kaɗai ba. Kuma kada a ɗauka cewa gwamnati za ta aiko jirgi kyauta: da aka fara kwaso 'yan Najeriya daga Dubai da Landan da Amurka a watan Mayun 2020, fasinjojin ne suka biya kuɗin tikitinsu, sannan aka killace su mako biyu bayan sun sauka.

Maganar tikiti tana buƙatar natsuwa, domin a nan mutane suka fi yin asara. Idan kamfanin jirgi ne ya soke tashi, fasinja na da hakkin a mayar masa da kuɗinsa ko a sauya masa rana, ko da yake a 2020 kamfanoni da yawa takardar bashi suka riƙa bayarwa a maimakon kuɗi. Idan kuwa fasinja ne ya fasa don tsoro alhali jirgi na nan zai tashi, sai abin da sharaɗin tikitinsa ya ce, kuma mafi arha yawanci shi ne wanda ba a mayar da ko kwabo. Saboda haka wanda ya ga alamun za a rufe hanya, wani lokaci ya fi masa ya jira kamfanin ya soke da kansa. Yawancinmu ta hannun ejan muke yankan tikiti da biyan kuɗin Umara, to a tambaye shi tun kafin a biya: in an rufe hanya, nawa zai dawo, yaushe, kuma wa zai biya? A karɓi amsar a rubuce. Mai sayen inshorar tafiya shi ma ya karanta, domin da yawansu ba sa ɗaukar asarar annobar da aka riga aka sanar kafin a saya.

Wani tarko shi ne yada zango. Jirgin da zai tsaya a Alkahira ko Adis Ababa ko Istanbul ya ƙara wa matafiyi dokar ƙasa ta uku, kuma ita ma tana iya sauyawa yana sararin sama. Dokokin nan ba sa jiran hujja ta cika. Da Afirka ta Kudu ta sanar da gano nau'in Omikron a ƙarshen Nuwamban 2021, cikin kwanaki ƙasashe suka rufe wa kudancin Afirka ƙofa, duk da cewa nau'in ya riga ya shiga Turai. Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga daga 6 ga Disamba, mazauna can da suka zo gida hutu sai da suka biya fam 2,285 kowane mutum don killacewa a otal, sannan ranar 15 ga wata aka soke dokar baki ɗaya. Rashin adalci ne a fili, amma fasinjan da ke tsaye gaban jami'in shige da fice ba shi da wurin kai ƙara. Akwai kuma wulaƙancin da tsoro ke haifarwa: a Afrilun 2020 an kori 'yan Afirka da dama daga otal-otal da gidajen haya a Guwanzu, har gwamnatin Najeriya ta kira jakadan China don ya yi bayani.

Katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad, a yi allurar da gaske a karɓe shi ta hanyar hukuma. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma tana fara aiki bayan kwana 10. Wanda ya sayi kati ba tare da allura ba jami'i kawai ya yaudara, jikinsa na nan a buɗe. Haka rigakafin sanƙarau da Saudiyya ke wajabta wa alhazai, shi ma a yi shi da gaske.

A kan hanya, da bayan an sauka

Mutane sun fi tsoron cikin jirgin sama, alhali iskar manyan jirage ana sabunta ta kowane 'yan mintoci, kuma tana bi ta matatar da ke kama kusan dukkan ƙwayoyin cuta. Wurin da ya fi hatsari shi ne layin tantancewa, da motar da ke kai fasinja bakin jirgi, da lokacin da kowa ya miƙe yana cunkoson sauka an kashe injin. Wanda ke zaune kusa da mai tari, shi kam matata ba ta cece shi ba, takunkumi mai kyau da ya kama fuska shi ne abin dogaro. Tafiyar da ta fi damuna ita ce ta mota, wadda ita ce ta yawancin jama'a: bas cike maƙil daga Kano zuwa Legas, dare guda cur, gilasai a rufe saboda sanyi ko ƙura. In cutar ta numfashi ce, a sauke gilashi ko kaɗan ne, gaba da baya, iskar da ke ratsawa tana rage hatsari sosai. Mai hali ya biya kujerar gefen taga. A wuraren tsayawa cin abinci a zauna a fili, a wanke hannu da sabulu, ba a kwanon ruwan da mutum goma suka tsoma hannu ba.

Labarin da za a dogara da shi a nemo shi daga hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, da ma'aikatar lafiya, da ofishin jakadancin ƙasar da za a je, da kamfanin jirgin kansa, kuma a sake dubawa a daren tafiya. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba ya taɓa yin kisa a Najeriya. A Agustan 2014 aka tashi mutane da tsakar dare ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha don maganin Ebola, aka kwantar da mutane a asibiti, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla biyu. A Maris ɗin 2020 hukumomin Legas sun sanar da samun waɗanda kulorokwin ya yi wa illa bayan an yayata cewa yana maganin korona. Su kuma magungunan kashe bakteriya da ake saye a kemis a jefa a jaka, irin su amfisilin, ba sa yi wa bairos komai.

Dawowa gida ita ce gaɓar da aka fi sakaci da ita. Matafiyi ya sauka, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, a rungume shi, a ci abinci kwano ɗaya, washegari ya shiga sahun farko a masallaci, ya zagaya gaida tsofaffin dangi. Duk wannan yana faruwa ne a daidai kwanakin da cutar ke ɓoye in har ya ɗauko ta. Wanda ya fito daga inda cuta ke yaɗuwa ya sanar da iyalinsa tun yana can cewa zai keɓe kansa, don kada a ɗauke shi da girman kai. A ware masa ɗaki in akwai, da kwanonsa da butarsa. In gidan ɗaki ɗaya ne, a bar taga a buɗe, a matsar da tsoho da mai ciki zuwa wurin dangi na ɗan lokaci. Tsaraba ba ta lalacewa don ta jira mako biyu.

In zazzaɓi ya zo a cikin waɗannan kwanaki, kada a yanke hukunci cewa maleriya ce a wuce kemis, domin Lassa da Ebola da korona duk da kamannin maleriya suke farawa. A kira jami'an lafiya kafin a fita, a Najeriya lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232, su faɗi asibitin da za a je da yadda za a je, maimakon a hau adaidaita sahu tare da wasu fasinjoji. Da an isa gaban likita ko nas, kafin ma a tambaya, a faɗi garin da aka fito, da ranar da aka baro shi, da ko an yi jinyar wani ko an halarci jana'iza a can. Da wannan bayani ne za su san gwajin da za su yi, su sa safar hannu da takunkumi kafin su taɓa marar lafiya, su kuma fara neman waɗanda suka zauna kusa da shi a mota.